Sharhi: Sassaƙe yana magani, amma wa ke riƙe da ma'auninsa?

A kan titin Jalan Pahang, a gefen unguwar Titiwangsa ta Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Maleshiya, dab da babban asibitin birnin, akwai wani tsohon gini na Cibiyar Binciken Likitanci wadda Turawan Ingila suka kafa a shekarar 1900. A wancan zamani wata cuta da ake kira beriberi, mai kumbura ƙafafu da raunana jijiyoyi da zuciya, tana ta hallaka leburori a ma'adinan kuza, ba tare da an san musabbabinta ba. Likitoci biyu na wannan cibiya, Henry Fraser da Thomas Stanton, sai suka raba waɗansu ma'aikatan hanya gida biyu, aka riƙa ciyar da kashi ɗaya da farar shinkafa wadda inji ya goge sarai, ɗaya kashin kuwa da shinkafar da aka turara tun tana cikin ɓawonta. Cutar ta ɓulla a kashin farko, ta ƙyale na biyu. A shekarar 1909 suka bayyana sakamakon binciken, daga bisani kuma aka gano cewa abin da inji ke zubarwa tare da dusa shi ne sinadarin da a yau ake kira bitamin B1.

Wato dai maganin yana cikin ɓawon da ake watsarwa, amma ba a tabbatar da haka ba sai da aka gwada, aka ƙidaya, aka kuma rubuta. Wannan darasi ne da ya kamata duk mai sha'awar maganin gargajiya a ƙasar Hausa ya yi wa karatun natsuwa, domin muhawarar da ake yi a kan sassaƙe da saiwoyi ta daɗe da rabuwa tsakanin masu ganin duk camfi ne, da masu ganin duk abin da ya fito daga daji ba ya cutarwa. Dukansu biyu sun kauce hanya, kuma marasa lafiya ne ke biyan kuɗin kuskuren.

Mutanen Maleshiya ma suna da nasu itatuwan magani. A bakin hanyoyi da kangon filaye akwai wani ƙaramin itace mai furanni ruwan shunayya da suke kira senduduk, wanda 'ya'yansa ke rina bakin mai ci ya yi baƙi. Tun kaka da kakanni Malayawa ke amfani da ganyensa da saiwarsa da ɓawonsa wajen tsayar da gudawa da atuni, da wanke rauni, da kuma kula da mai jego. Masana sun ce yana ɗauke da sinadarai masu bauri, irin waɗanda ke sa bagaruwa ta yi aiki a majema, kuma su ne ke ɗaure ciki. Bahaushen da ya ga yadda ake jiƙa wannan itace a kasuwar Chow Kit, wadda ba ta da nisa da Titiwangsa, zai ga tamkar yana rumfunan masu magani a kasuwar Kurmi ta Kano ne. Bambancin yana wajen abin da hukuma ke yi da zarar an ɗura jiƙon a kwalba an sa masa suna da farashi.

Kafin a je ga wannan, ya kamata a amsa wa masu rainawa. Tarihin likitancin zamani cike yake da ɓawon itace. Kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro na farko da ya yi tasiri a duniya, daga ɓawon itacen sinkona na tsaunukan Kudancin Amurka ya fito, kuma wasu masana harhaɗa magunguna biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, su ne suka tace shi a 1820. A 1854 William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana bai wa mutanensa kwinin kullum, ya fito ba tare da zazzaɓi ya kashe masa Bature ko ɗaya ba, abin da ba a saba gani ba a tafiye-tafiyen da suka gabata. Ana iya cewa ɓawon itace na daga cikin abubuwan da suka buɗe wa 'yan mulkin mallaka ƙofar Nijeriya. Asalin asfirin ma ɓawon wani itace ne na bakin rafi a Turai, kafin kamfanin Bayer ya harhaɗa shi a 1897. Haka kuma Taxol, ɗaya daga cikin manyan magungunan sankarar mama da ta mahaifa, wanda Amurka ta amince da shi a 1992, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin ƙasar aka fara samo shi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Itace ba ya iya gudu daga ƙwari ko gara ko dabbar da ke son cinsa, saboda haka yakan tara sinadarai masu ɗaci da guba a ɓawonsa don kare kansa. Waɗannan sinadarai su ne ke kashe ƙwayar cuta a jikin ɗan Adam, kuma su ɗin ne ke iya taɓa hanta ko ƙoda idan sun yi yawa. Ɗacin maɗaci da ake yabo, makami ne na bishiyar. Wanda ya yarda cewa sassaƙe na da ƙarfin warkarwa, to dole ya yarda yana da ƙarfin illatarwa.

Babu misalin da ya fi sanya dacewa a nan, ƙaramar bishiyar nan mai furanni ruwan shunayya masu ƙamshi, wadda Hausawa suka yi wa laƙabi da uwar magunguna, masana tsirrai kuma ke kira Securidaca longepedunculata. Ana amfani da ɓawon saiwarta wajen ciwon kai, da sanyin ƙashi, da cizon maciji, da hayaƙi, da sauran larurori masu yawa. Wanda ya taɓa shinshina ɗanyar saiwarta ya san tana ƙamshin man zafi, kuma ba banza ba, domin sinadarin da ke cikinta ɗan uwan asfirin ne, shi ne kuma ake sa wa a man zafin da ake sayarwa a kemis. Ashe ke nan mai maganin da ke shafa ta a gwiwar tsoho yana da hujja. To amma ƙaramin cokali ɗaya na tsantsar man wannan sinadari ya yi daidai da ƙwayar asfirin fiye da 20, abin da ke iya kashe ƙaramin yaro. A waɗansu ƙasashen kudancin Afirka likitoci sun rubuta mutuwar mata da suka cusa saiwar a jikinsu. A arewacin Ghana kuma manoma na barbaɗa garinta a rumbu don kashe ƙwarin hatsi. Itacen da ke kashe ƙwaro a rumbu bai kamata a riƙa auna shi da tafin hannu ba, balle a ɗura wa jariri ko mai juna biyu.

Tsofaffin masu magani sun san wannan. Suna da ƙa'idojinsu na ɗan yatsa uku, da kwana nawa za a jiƙa, da wanda bai kamata ya sha ba. Matsalar ita ce ƙarfin ɓawo yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, daga rani zuwa damina, daga jigawa zuwa fadama, kuma ido ba ya ganin wannan bambanci. Bugu da ƙari, sana'ar ta bar hannun wanda ya gaje ta yana zaune cikin mutanen da suka san gidansu, ta koma hannun mai mota da lasifika, wanda zai sayar a kasuwar yau gobe ya wuce wani gari. Shi ne magori, mai wasa kansa da kansa, mai kwalba ɗaya da ke maganin basir da shawara da ciwon suga da rashin haihuwa a lokaci guda.

A nan ne abin da Maleshiya ta yi ya cancanci dubawa. Tun daga 1992 ƙasar ta wajabta rajistar duk maganin gargajiya da aka sarrafa don sayarwa. Kafin a ba shi lamba mai farawa da haruffan MAL tana ƙarewa da harafin T, sai an gwada shi an ga ko yana ɗauke da dalma ko zaiba ko arsanik fiye da kima, ko ƙwayoyin cuta, ko kuma an cakuɗa shi da maganin asibiti a ɓoye. Wata doka ta 1956 ta hana tallar magani ga jama'a da sunan yana warkar da cututtuka 20, cikinsu har da ciwon suga, da sankara, da ciwon ƙoda, da hawan jini, da rashin haihuwa. A 1999 aka fara wallafa kundin tsirran magani na ƙasar, mai bayyana kamannin kowane tsiro da yadda za a tantance shi. A 2007 aka buɗe sashen maganin gargajiya na farko a cikin asibitin gwamnati a Kepala Batas, a jihar Penang. A 2016 kuma aka kafa dokar da ta tanadi majalisar yi wa masu sana'ar rajista, wadda ta amince da fannoni irin su maganin Malayawa, da na Sinawa, da na Indiyawa, da kuma maganin Musulunci. Ita kanta cibiyar ta Jalan Pahang ta buɗe sashen binciken magungunan tsirrai, ko da yake a 'yan shekarun nan an mayar da yawancin ɗakunan gwajinta zuwa Setia Alam.

Ba a ce tsarin ya kammalu ba. Har yanzu hukumomin Maleshiya na kama kwalaben da aka zuba wa sinadarin ƙarin kuzari ko na kashe raɗaɗi a ɓoye. Shahararren itacensu ma, tongkat ali, wanda ake sayarwa a duniya a matsayin maganin maza, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2021 ba a tabbatar da amincin wani tsantsarsa da aka gabatar mata ba. To amma abin lura shi ne ana kama masu maguɗin ne saboda akwai mai dubawa, kuma ana iya jayayya a kan tongkat ali ne saboda akwai alƙaluman da za a yi jayayya a kansu.

Nijeriya ba ta rasa dokoki da hukumomi ba. Akwai NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, akwai manufar ƙasa kan maganin gargajiya ta 2007, da kundin tsirran magani na 2008. Sai dai mutane da yawa ba su san cewa lambar wucin gadi da NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba ba, amma ba shaida ba ce ta cewa maganin na warkar da abin da aka rubuta a jikinsa. Masu talla kuwa sun mayar da lambar tamkar takardar shaidar waraka, kuma gidajen rediyo na karɓar kuɗinsu suna ba su fili.

Akwai dalilai uku da suka sa ba za a iya dogara da ji kawai ba. Na farko shi ne ruɗanin suna. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba na tsirran Sin, saboda an musanya wani tsiro da wani mai kama da shi a suna, wanda ke ɗauke da gubar da ke lalata ƙoda tana kuma jawo sankara. Dangin wannan tsiro na nan cikin kayan masu magani a ƙasar Hausa, inda ake kiransa duman dutse. Idan ɓawo ya bushe aka daka shi ya zama gari, ko wanda ya sassaƙo shi ba zai iya rantsewa a kansa ba.

Na biyu shi ne gurɓata. A 2013 waɗansu masana na Faransa da Kamaru suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a cikin ɓawon saiwar tafashiya, wadda ake sha don zazzaɓi da ciwon ciki, aka yi ta murna cewa Allah Ya ajiye a daji abin da Jamusawa suka harhaɗa a 1962. Shekara guda bayan haka wani ayarin masana ƙarƙashin Michael Spiteller na jami'ar Dortmund ya nuna cewa ana samun sinadarin ne a arewacin Kamaru, inda ake ɗura wa shanun noma tiramadol don su jure aiki, yana fita ta fitsarinsu ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotse. A kudancin ƙasar ba su same shi ba. An yi muhawara, amma gwajin da suka ƙara yi a 2016 ya nuna na masana'anta ne. Idan manyan masana masu na'urori za su iya ruɗuwa har sai wasu sun sake dubawa, ina ga wanda ke da lasifika kawai?

Na uku shi ne ƙarewar itatuwan kansu. Ta cikin ɓawo ne abincin da ganye ya sarrafa ke gangarawa zuwa saiwa, saboda haka duk bishiyar da aka sassaƙe zagaye ɗaya ta mutu, ko da ganyenta ya ɗan jima yana kore. Ita sanya kuwa, tun da saiwarta ake nema, tono ɗaya ne ajalinta. Mai bin hanyoyin arewa zai ga maɗatai tsirara har iya inda gatari ya kai. A Kamaru, irin wannan sassaƙa ta yi wa bishiyar Prunus africana, wadda Turai ke sayen ɓawonta don maganin kumburin mafitsarar maza, illar da ta kai aka sa ta cikin jerin tsirran da ake taƙaita cinikinsu a 1995, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da sayenta daga can a 2007. Maleshiya ma ta ɗanɗana. A 1987 aka ɗebo samfurin wata bishiya a dajin Sarawak, aka gano tana da sinadarin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau yaɗuwa a ɗakin gwaji, amma da masu binciken suka koma, sai suka tarar an sare ta. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa jihar ta kafa cibiyar kula da albarkatun dajinta a 1998.

Masu adawa da tsaurara doka na da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa talakan ƙauye ba don ƙauna yake shan jiƙo ba, sai don asibiti ya yi nisa kuma magani ya yi tsada, kuma kuɗin gwaji da rajista zai kori ƙaramin mai magani ya bar fili ga manyan 'yan kasuwa. Gaskiya ne. Amma talaucin mara lafiya dalili ne na ƙara kare shi, domin wanda bai iya sayen maganin zazzaɓi ba, ba shi ne zai iya biyan kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ba. Batun kuɗin gwaji kuwa, aikin gwamnati ne ta ɗauke shi daga wuyan mai magani. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato na da sassan nazarin harhaɗa magunguna, kuma ɗalibansu sun rubuta kundaye masu yawa a kan sanya da sabara da marke. Yawancin binciken dai a kan ɓeraye yake tsayawa, ba ya kaiwa ga mutane, balle ya koma ga mai rumfar da aka sayo ɓawon a wurinsa.

Su ma masu maganin suna da dalilin ɓoye sirrinsu. Sun ga yadda irin sinkona ya bar Kudancin Amurka a 1865, Holanda ta shuka shi a tsibirin Jawa har ta mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar kwinin ta duniya, masu asalin itacen suka tashi a tutar babu. Sun kuma ga Niprisan, maganin sikila da NIPRD ta sarrafa daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda aka ƙaddamar a 2006 amma ya ɓace daga kasuwa cikin 'yan shekaru saboda matsalar kamfanin da aka ba lasisi, kafin a sake farfaɗo da shi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi raba riba da masu ilimin gargajiya. Sai an mayar da wannan rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'a da mai magani, da Hausa ko da ajami, sannan tsoho zai buɗe jakarsa.

Rubuta magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir da na filasko. Likitan nan J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da babban littafinsa kan tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Wani abin sha'awa shi ne I. H. Burkill ne ya rubuta kundin albarkatun zirin Malaya a 1935, ɗansa H. M. Burkill kuma shi ya sabunta aikin Dalziel a juzu'i shida daga 1985. Ke nan ƙasashen biyu sun gaji tushe kusan iri ɗaya. Maleshiya ta ɗora doka da ɗakin gwaji a kan nata.

Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfin gwamnatocin Nijeriya da Nijar ba. Kowace kwalba ta ɗauki sunan itacen da ke cikinta da adadin da za a sha da wanda bai kamata ya sha ba. Gidan rediyon da ya watsa tallar warkar da sankara ko ciwon suga ya fuskanci tara tare da mai tallar. Ƙungiyoyin masu magani su koya wa mambobinsu sassaƙar gefe biyu masu fuskantar juna a bar sauran ya warke, kamar yadda aka tsara a Kamaru, su kuma nemi filayen shuka. Manoman Maraɗi sun riga sun nuna cewa hakan mai yiwuwa ne, domin da sassaben zamani da suka fara a shekarun 1980, na barin kututturen sabara da kalgo su sake tofowa, an farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Likitoci kuma su daina yi wa mara lafiya tsawa idan ya ce ya sha jiƙo, domin tsawar ce ke sa na gaba ya ɓoye, a haɗa masa maganin da zai yi karo da abin da ke cikinsa.

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma babu mai musun haka. Ranar 31 ga watan Agusta na kowace shekara ƙasashen Afirka na bikin ranar maganin gargajiya, ana jawabai ana baje koli. Ranar za ta fi amfani idan kowace jiha ta zo da jerin magungunan da ta gwada a shekarar, da waɗanda ta janye daga kasuwa, da adadin itatuwan sanya da maɗaci da ta shuka.